Lambu da yara a Gombe: tambayoyin da ake ta maimaita mini

Me za mu fara shukawa?

Alayyafo. Yana tsirowa cikin kwana 5, a sati 4 an yanka an yi miya. Yaro ba zai jira tumatir wata 3 ba. Irinsa ƙanana ne, ku gauraya shi da yashi kafin yaro ya watsa, in ba haka ba wuri ɗaya zai zube.

Gidanmu duk siminti ne, ina za mu shuka?

A buhun shinkafa. Ku huda gindinsa wuri 6, ku zuba ƙasa kashi 2, ruɓaɓɓen kashin awaki kashi 1. Kowane yaro da buhunsa, ko ku sha rabon faɗa.

Kashin kaji fa?

Ɗanye dai a'a, ƙone saiwa yake yi. Sai ya yi wata 2 yana ruɓewa.

Sau nawa za a ba da ruwa?

To, nan ne ba ni da amsa ɗaya. Ya danganta da lokaci da kuma ƙasar. Da damina wataƙila ba ku buƙatar ƙari, sai dai ku duba ko ruwa ya kwanta a buhun. Da hunturu sau 1 da safe yakan isa. Amma a zafin Maris da Afrilu buhu yana bushewa da wuri, sai safe da yamma, kuma a janye shi inda inuwa ke faɗa masa bayan azahar. Ƙasar yashi ta fi ta laka saurin shanyewa, don haka abin da ya yi wa maƙwabcinku ba lallai ya yi muku ba. Ku koya wa yaron ya cusa yatsa zuwa gaɓa ta biyu: in da danshi, ya ajiye butar. Yawancin tsiron da kuke cewa ya kwanta ya mutu, yawan ruwa ne ya ruɓar da wuyansa, don yara suna ba da ruwa duk lokacin da suka wuce. Ba laifinsu ba ne, ku sake shukawa kawai. Ruwan alwala da na wanke shinkafa duk suna yi. Na wanki mai omo kuwa, ku zubar.

Mu sayi maganin feshi?

Haba! Ganyen da yaro zai tsinka da hannunsa? Ku daka ganyen dogonyaro, ku jiƙa ya kwana, ku tace ku yayyafa da yamma. Tsutsa kuma a tsince ta.

Kaji sun cinye tsiron.

Na sha faɗa: shinge kafin iri. Tsohon gidan sauro da sanda 4 sun wadatar.