Kaboyin Amurka: Makiyayin Haya da Fina-finai Suka Mayar Gwarzo

Wane ne ainihin kaboyi?

Kaboyi makiyayi ne na haya wanda yake kiwon shanun wani a kan doki a yammacin Amurka, musamman a jihar Teksas. Saɓanin Bafulatanin da yake bin garken da ya gada, kaboyi ba shi da ko ɗan maraƙi a cikin shanun da yake tsaro, sau da yawa ma dokin da yake hawa na ubangidansa ne, albashinsa kuma a ƙarni na 19 dala 25 zuwa 40 ne a wata. Masana tarihi sun kiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kaboyin wancan zamani baƙaƙen fata ne, da yawansu bayi ne da aka 'yanta, sannan akwai 'yan Meziko masu tarin yawa.

Daga ina sana'ar ta samo asali?

Daga Meziko, inda Sifaniyawa suka kai shanu da dawakai a ƙarni na 16. A wajen makiyayan can ne Amurkawa suka koyi jefa igiya mai zarge da ɗaura rigar fata a ƙafafu don kariya daga ƙaya.

Me ya sa aka riƙa kora shanu zuwa arewa?

Farashi ne ya jawo hakan. Lokacin da yaƙin basasar Amurka ya ƙare a 1865, shanu masu dogayen ƙahoni sun yi yawa a Teksas har ana sayar da sa a kan dala 4 ko ƙasa da haka, alhali a biranen arewa yana iya kaiwa dala 40. A 1867 wani ɗan kasuwa, Joseph McCoy, ya gina turakun shanu kusa da layin dogo a garin Abilene na jihar Kansas, daga nan aka riƙa loda su a jirgin ƙasa zuwa mayankan Chicago.

Tafiyar ba ta da daɗi. Mutum goma zuwa goma sha biyu ne suke kora garke mai shanu kusan 3,000, suna yin mil 10 zuwa 15 a rana don kada dabbobin su rame, har tsawon wata biyu ko uku. Sabon shiga shi ake bari a bayan garke yana shaƙar ƙura. Da dare ana yin gadi bi da bi, mai gadi yana zagaya shanun yana rera waƙa a hankali, domin tsawa ɗaya ta isa ta firgita su su ɓarke da gudu cikin duhu su tattake mutum. Irin wannan hatsari da nutsewa a kogi sun fi harbin bindiga barazana ga kaboyi.

Me ya kawo ƙarshen wannan zamani?

Waya mai ƙaya, wadda Joseph Glidden ya yi wa rajista a 1874, ta bai wa manoma damar killace filaye, layin dogo ya iso Teksas, sannan tsananin sanyin 1886 zuwa 1887 ya hallaka shanu masu ɗimbin yawa. Zamanin bai wuce shekara ashirin da 'yan kai ba.

To, yaya aka yi sunansa ya game duniya?

Masu nishaɗantarwa ne suka yi wannan aiki. A 1883 Buffalo Bill Cody ya fara wasan sukuwa da harbi, har ya kai shi Ingila a 1887 gaban Sarauniya Victoria. Daga baya Hollywood ta karɓa, ta ba kaboyi bindiga biyu da farar fata, ta kuma share yawancin baƙaƙen da suka yi aikin, wanda a ganina shi ne babban rashin adalcin waɗannan fina-finai. Su ne aka riƙa nunawa a gidajen siliman Kano da Kaduna kafin fina-finan Indiya su mamaye su.

Har yanzu akwai kaboyi?

Akwai su a manyan gonakin kiwo na Teksas, Montana da Wyoming, kodayake mota ta rage wa doki aiki. Ana kuma gudanar da gasar hawan bijimi da kama maraƙi da igiya, kamar wadda birnin Cheyenne yake shiryawa tun 1897.