Fim ɗin leƙen asiri: mene ne shi, kuma me ya sa yake riƙe mai kallo?

A wurin masu tura fina-finai a waya nan Maraɗi, duk fim ɗin da aka yi harbi da tseren motoci a cikinsa sunansa ɗaya, fim ɗin faɗa. Amma cikin tarin nan akwai wani nau'i mai tafiya da ƙa'idarsa, shi ne fim ɗin leƙen asiri. Aktan ba soja ba ne mai kaki, ba kuma ɗan sanda ba ne da ke bin sawun ɓarawo. Ma'aikacin wata hukumar sirri ne, gwamnatinsa ta tura shi ƙasar wasu da suna na aro da fasfo na jabu, ya samo abin da ake ɓoyewa: jerin sunaye, zanen wani makami, ko mutumin da ya san inda aka ajiye su. In aka kama shi, waɗanda suka aike shi za su ce ba su taɓa ganinsa ba.

Ga hanyar gane shi. Ka cire bindigogin da fashe-fashen a zuciyarka. In labarin ya rushe, fim ɗin faɗa ne kawai. In har akwai sauran tambayar wa ya san me, wa ke yi wa wa ƙarya, to na leƙen asiri ne.

Hukumomin da ake ambata a ciki da yawansu na gaske ne. MI6 ta Ingila ta samo asali a 1909, CIA ta Amurka an kafa ta a 1947, KGB ta Tarayyar Sobiyet ta yi aiki daga 1954 zuwa 1991. Faransa na da DGSE, Indiya na da RAW tun 1968. Zamanin yaƙin cacar baka ne ya yi wa irin wannan labari taki, lokacin da manyan ƙasashe biyu, Amurka da Tarayyar Sobiyet, ke tsoron haɗuwa gaba da gaba saboda makaman nukiliya, sai yaƙin ya koma hannun ƴan rahoto da masu sauya sheƙa. Ian Fleming, wanda ya yi aiki a sashen leƙen asirin sojan ruwan Ingila a yaƙin duniya na biyu, ya fitar da littafin James Bond na farko a 1953, fim na farko kuma ya biyo baya a 1962. Ƴan Indiya ma sun shigo da ƙarfinsu, musamman daga 2012 da Salman Khan ya fito a matsayin jami'in RAW, ga shi kuma soyayya ta haɗa shi da jami'ar leƙen asirin Pakistan. Su dai ba su yin fim ba soyayya.

A ganina, abin da ke riƙe mutum a zaune shi ne rashin sanin bos. A fim ɗin faɗa tun minti biyar na farko an nuna maka shi da fuskarsa ta mugunta, saura kawai jiran lokacin da akta zai gama da shi. A nan kuwa bos na iya zama maigidan aktan da kansa, wanda ya horar da shi, ko matar da ta cece shi a tsakiyar fim. Da ɗan gari akan ci gari, kuma kowace hukumar sirri tsoronta ke nan, a ce maƙiyi ya dasa nasa a cikin ofishinta. Mai kallo sai ya zama shi ma mai bincike. Yana lura da wanda ya kau da ido, da wanda ya fita ya amsa waya. Shi ya sa a fada, in samari sun haɗu kan shayi suna kallo, musu ba ya ƙarewa: wannan ya ce tsohon ne munafukin, wancan ya ce yarinyar ce. Shi ya sa kuma nake jin haushin mai fassara in zumuɗi ya ɗebe shi ya ce "ku lura da wannan" tun kafin asiri ya tonu. Ya kashe rabin fim ɗin.

Sai maganar babban allo. Don shi ake shirya waɗannan fina-finai, da sautin da ke girgiza kujera. A wani fim ɗin leƙen asiri da ya fito a 2011, Tom Cruise ya rataya da igiya a jikin Burj Khalifa na Dubai, gini mai tsawon mita 828, shi da kansa ba wani a madadinsa ba. A majigi ko babbar tele ta gidan kallo, cikinka ne zai juya in kyamara ta leƙa ƙasa. A waya ginin bai fi yatsa ba.

Aikin na gaske bai cika kama da wannan ba. Mafi yawansa karatun takardu ne, da sauraro, da zama da mutane har su saki baki. Misalin ma yana nan gida. A Fabrairun 2002 CIA ta turo Joseph Wilson, tsohon jakadan da ya taɓa aiki a Nijar, ya zo Yamai ya bincika zargin cewa Iraƙi na neman sayen uraniyom ɗinmu. Bai zo da bindiga ba, hira ya yi da jami'ai da masu harkar ma'adinin, ya koma ya ce da wuya a ce cinikin ya faru. Duk da haka, a Janairun 2003 George Bush ya ce Saddam Hussein ya nemi uraniyom a Afirka. A watan Maris hukumar nukiliya ta duniya ta bayyana cewa takardun da ke ɗauke da zargin na jabu ne, kuma cikin watan aka afka wa Iraƙi. Da Wilson ya fito ya yi magana a jarida a Yuli, ba a yi kwana goma ba aka fallasa cewa matarsa, Valerie Plame, jami'ar CIA ce, aikinta na ɓoye ya ƙare daga ranar. An mayar da labarin fim a 2010, Sean Penn ya fito a matsayin Wilson. Fim ɗin leƙen asiri ne cikakke, amma wanda ya je neman tseren motoci a cikinsa barci zai yi.