Gracilaria

Gracilaria jinsi ne na jar ciyawar teku da ke cikin dangin Gracilariaceae, kuma ya ƙunshi nau'o'i fiye da 100 waɗanda ke tsirowa a gaɓar tekunan ƙasashe masu zafi da masu matsakaicin sanyi. Masanin tsirrai ɗan ƙasar Sikotilan, Robert Kaye Greville, shi ne ya fara bayyana jinsin a shekarar 1830.

Ba ta da saiwa ko ganye ko fure irin na tsirran tudu. Jikinta sirara ne masu rassa, wasu zagaye wasu kuma a baje, tana maƙalewa jikin dutse ko ɓawon kawa (wata dabbar teku mai ɓawo) da wani ɗan faifai a gindinta, ko da yake akwai nau'o'in da ke rayuwa a sake bisa laka ko yashi. Duk da sunan da aka ba rukuninta, ba kullum take ja ba. Launinta yakan koma ruwan ƙasa ko kore ko rawaya gwargwadon hasken rana da abincin da take samu. Tana jure ruwan da gishirinsa ke hawa da sauka, shi ya sa ake yawan samunta a inda koguna ke shiga teku, sannan ƙaramin yankinta da ya karye yana iya ci gaba da girma shi kaɗai.

Darajarta tana cikin bangon ƙwayoyin jikinta, inda ake samun sinadarin agar, wanda ke sa ruwa ya daskare kamar jeli. Shi agar yana narkewa idan zafin ruwa ya kai kusan digiri 85 a ma'aunin Salshiyas, amma ba ya sake daskarewa sai ya huce zuwa tsakanin digiri 32 da 40, kuma wannan tazara ce ta sa ya samu shiga a masana'antar abinci da ɗakunan gwaje-gwaje. Tun da Fanny Hesse, matar wani likita mai nazarin bakteriya, ta ba da shawarar amfani da shi a Jamus a farkon shekarun 1880, a kansa ake renon bakteriya. Sai dai a wannan fanni wanda ake tacewa daga Gelidium, wani jinsin jar ciyawar teku, ya fi karɓuwa, domin na Gracilaria a ɗabi'arsa ba ya kamawa da ƙarfi. Masana'antun Japan ne suka shawo kan matsalar a tsakiyar ƙarni na 20, ta hanyar dafa ciyawar da soda, irin wadda ake haɗa sabulu da ita, kafin a tace. Sodar tana rage sinadarin sulfet da ke hana agar ɗin kwanciya sosai. Daga nan Gracilaria ta zama babbar hanyar samun agar na abinci a duniya, wanda ake sakawa a alewa da jeli da kayan gwangwani, kuma da yake daga tsiro yake, Musulmi da masu ƙaurace wa nama suna ɗaukarsa a madadin jelatin da ake yi daga fata da ƙashin dabbobi.

Ƙasashen Sin da Indonesiya su ne kan gaba wajen nomanta. A Indonesiya ana zuba yankakkun rassanta a tafkunan gaɓar teku tare da kifi da jatan lande, ciyawar tana shanye dattin da suke fitarwa tana girma da shi. A Chile, inda ake kiranta pelillo, dasa ta ake yi a cikin yashin ƙasan teku. An kuma riƙa tattara ta a Lüderitz ta Namibiya da Saldanha ta Afirka ta Kudu. Mutanen Japan suna cin ta da sunan ogonori, na Hawai suna haɗa ta da ɗanyen kifi, na Filifin kuma suna kiranta gulaman. Cin ta bai rasa haɗari ba: a 1991, a tsibirin Guam, mutum 13 sun kwanta bayan sun ci nau'in Gracilaria edulis, uku daga cikinsu suka rasu.

Juriyar da ta sa nomanta ya yi sauƙi ita ce kuma ke mayar da ita fitina idan ta faɗa ruwan da ba nata ba. Nau'in Gracilaria vermiculophylla, wanda asalinsa arewa maso yammacin tekun Fasifik ne, ya bazu a gaɓar Turai da Arewacin Amurka, kuma masana suna danganta yaɗuwarsa da safarar kawa. A Hawai, Gracilaria salicornia da aka shigo da ita daga waje tana lulluɓe murjani har ta hana shi haske, lamarin da ya kai ga an riƙa zuƙe ta da inji a mashigin Kaneohe.