Jirgin St. Louis: Yahudawan da suka gudo wa Hitler aka hana su sauka, ina suka ƙare?

Su waye mutanen nan, me ya koro su daga gida?

Yawancinsu Yahudawan Jamus ne, iyalai da tsofaffi da yara ƙanana. Tun da Hitler ya hau mulki a 1933 ake ta matsa musu lamba, aka kore su daga aikin gwamnati, a 1935 aka ƙwace musu matsayin 'yan ƙasa, sai kuma daren 9 ga Nuwamba 1938 aka bi wuraren ibadarsu ana cinna wuta, ana farfasa shagunansu, aka kwashe maza wajen 30,000 zuwa sansanoni irin su Dachau da Buchenwald. Wasu ma ba a sake su ba sai da suka yarda za su bar ƙasar. To ranar 13 ga Mayu 1939 jirgin ruwa mai suna St. Louis ya tashi daga Hamburg da fasinja 937 ya nufi Kuba, da niyyar su ɗan zauna can har layinsu na bizar Amurka ya zo.

Ba su da takardu ne aka hana su shiga Kuba?

Suna da su, kuma da kuɗinsu suka saya, nan ne ma abin ya fi ciwo. Shugaban hukumar shige da fice ta Kuba, Manuel Benítez, shi ke sayar da takardar izinin sauka kan dala 150 kowace ɗaya yana zuba kuɗin a aljihu, sai rigima ta ɓarke tsakaninsa da manyan gwamnati, shugaban ƙasa Federico Laredo Brú ya sa hannu a wata doka ranar 5 ga Mayu ya soke takardun gaba ɗaya, ya ce sai an ajiye dala 500 kan kowane mutum. Kwana takwas kenan kafin jirgin ya tashi fa, amma su fasinja ba wanda ya gaya musu.

Sun iso Havana ranar 27 ga Mayu, mutum 28 kawai aka bari suka sauka. Sauran suna tsaye a saman jirgi cikin zafi suna kallon gari, 'yan uwansu da suka riga su zuwa sai su yi hayar ƙananan kwale-kwale su zo suna zagaya jirgin suna ƙwala kiran sunaye, miji yana ƙasa matarsa da 'ya'yansa suna sama, kowa na ganin kowa amma ba halin taɓa juna. Wani bawan Allah da ya taɓa ɗanɗana sansanin 'yan Nazi ya yanke jijiyar hannunsa ya faɗa ruwa, shi aka kai asibiti a Havana, iyalinsa kuma aka hana su bin sa. Ranar 2 ga Yuni aka ce jirgi ya bar ruwan Kuba.

Amurka fa, ai ga ta nan kusa?

Kusa sosai, har fitilun Miami suna hangowa da dare. Sun buga wa shugaba Roosevelt telegiram suna roƙo, bai amsa ba. Ma'aikatar harkokin waje ta ce su bi layi kamar kowa, domin dokar 1924 ta ƙayyade wa kowace ƙasa adadinta, na Jamus da Ostiriya a 1939 mutum 27,370 ne kuma ya riga ya cika. A shekarar nan dai aka kai wa majalisa ƙudirin shigo da yara 20,000 daga Jamus, ya mutu tun a kwamiti. Kanada ma wasu malaman jami'a da limaman coci sun roƙi firayim minista Mackenzie King, gwamnatinsa ta ƙi.

Kuma kar wani ya ce ba su san abin da ke faruwa ba. A Yulin 1938 ƙasashe 32 suka taru a Evian ta Faransa kan wannan magana ta 'yan gudun hijira, kowa ya tashi ya yi jaje ya zauna, Jamhuriyar Dominika ce kaɗai ta ce za ta ɗauki mutane da yawa. Ni a ganina ba wuri ne ya yi musu kaɗan ba, son karɓar ne babu.

Jamus aka mayar da su?

A'a, kuma a nan dole a yaba wa kyaftin ɗin jirgin, Gustav Schröder, Bajamushe ne ba Bayahude ba. Tun a hanya ya umarci ma'aikatansa su girmama fasinja kamar kowane baƙo, ya bari suna ibadarsu a babban zauren jirgi har ana sauke hoton Hitler daga bango lokacin addu'a, da aka juyo kuma ya yi ta jan ƙafa don kar ya kai su Hamburg. Ƙungiyar agaji ta Yahudawan Amurka da ake kira JDC ta ajiye dala 500,000 a matsayin lamuni, sannan ƙasashe huɗu suka raba su. Ranar 17 ga Yuni suka sauka a Antwerp ta Beljiyam, Birtaniya ta ɗauki 288, Faransa 224, Beljiyam 214, Holan 181.

To ai sun tsira kenan?

Haka kowa ya zata a lokacin, har murna aka yi. Amma ƙasar da aka rubuta wa mutum ita ta zama ƙaddararsa. Waɗanda suka tafi Birtaniya duk sun rayu sai mutum ɗaya da harin bam ya kashe a 1940. Na sauran ƙasashe ukun kuwa, 87 suka samu ficewa kafin Mayun 1940 da sojojin Jamus suka mamaye yankin, 532 tarko ya rufe da su, a cikinsu 278 suka rayu, 254 aka kashe, akasari a sansanonin kisa na 'yan Nazi na Auschwitz da Sobibor. Mutanen da suka hango Miami da idonsu fa.

Wannan jirgin kaɗai ne?

Ina! Na Struma ma ya fi muni. Tsohon jirgi ne mai mataccen inji da ya taso daga Romaniya a Disambar 1941 da mutum sama da 760, ya maƙale a Istanbul sama da wata biyu, Birtaniya mai mulkin Falasɗinu a lokacin ta hana su izinin shiga, Turkiyya ta hana su sauka, ƙarshe aka ja jirgin aka sake shi a Baƙin Teku ba inji. Washegari, 24 ga Fabrairu 1942, jirgin yaƙin ƙarƙashin ruwa na Tarayyar Sobiyet ya harbe shi. Mutum ɗaya tal ya rayu.

Da abin da ake yi wa Falasɗinawa yau, me zai sa mu tausaya musu?

Na san da yawa wannan ce tambayar da ke ransu, kuma zafin da ake ji kan Gaza gaskiya ne, ni ma ina jin sa. Amma a 1939 babu ƙasar Isra'ila, sai 1948 aka kafa ta, yaron da ke saman jirgin nan bai kori kowa daga gidansa ba, shi aka koro. Mu da muka taso muna jin yadda Najjashi ya karɓi sahabbai a Habasha ya ƙi miƙa su ga jakadun Ƙuraishawa duk da kyaututtukan da suka kawo masa, bai kamata sai an yi mana dogon bayani kan wannan ba.

An canza wani abu daga baya?

An canza. Yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951 ta haramta mayar da mutum inda ransa ke cikin haɗari, kuma irin wannan ƙa'ida ce ke kare mutanenmu da Boko Haram ta koro zuwa Diffa a Nijar da sansanin Minawao a Kamaru, ko da yake ba kullum ake bin ta ba. Schröder an karrama shi a Yad Vashem, cibiyar tunawa da Yahudawan da 'yan Nazi suka kashe, a 1993, bayan mutuwarsa. Kanada kuwa sai Nuwamban 2018 firayim minista Justin Trudeau ya miƙe a majalisa ya nemi gafara, shekara 79 bayan an juya jirgin.