Memba a REI: kason riba da amfaninsa wajen sayen keke

REI kamfani ne na ƙasar Amurka mai sayar da kayan hawan dutse, da na kwanan daji, da kekuna. Cikakken sunansa Recreational Equipment, Inc. An kafa shi a birnin Seattle na jihar Washington a 1938, kuma tun farko a tsarin ƙungiyar gama kai ta masu saye aka gina shi, wato abokan ciniki da suka yi rajista su ne a ƙa'ida mamallakansa. Kowa yana iya shiga shagon ya yi sayayya, sai dai memba kaɗai ke samun kason da ake mayarwa duk shekara, wanda bisa al'ada yake kai kashi 10 cikin ɗari na abin da ya kashe a kan kayan da ba a yi wa ragi ba. Kuɗin rajista dala 30 ne tun watan Maris na 2022, sau ɗaya ake biya har ƙarshen rayuwa. Da yake keke yana cikin kaya mafiya tsada a shagon, masu sayensa ne suka fi yawan lissafa ko rajistar tana biyan kanta.

Asali

Lloyd Anderson injiniya ne a hukumar sufurin birnin Seattle, matarsa Mary kuma malamar makaranta, dukansu 'yan ƙungiyar masu hawan dutse ta The Mountaineers. A tsakiyar shekarun 1930, wasu sun ce 1935 wasu 1936, Lloyd ya nemi gatarin da ake sarar ƙanƙara da shi wajen hawa, ya tarar dillalan gari suna neman kusan dala 20 a kan wanda bai gamsar da shi ba. Sai suka yi odarsa kai tsaye daga wani shago a Innsbruck ta ƙasar Ostiriya, ya iso musu a kan dala uku da rabi. Abokan hawansu da suka ji labari suka riƙa ba su kuɗi a haɗa musu a oda ta gaba.

A 1938 aka mayar da wannan haɗin gwiwa ƙungiya, da taimakon wani lauya. Kowa ya biya dala ɗaya, Lloyd ya karɓi kati mai lamba 1, Mary ta karɓi mai lamba 2, kuma membobin farko su 23 ne. A farkon lamari a gidan su Anderson ake ajiye kaya, daga baya aka sami kanta guda a wani shagon abinci na gama kai, sannan wata kantar a gidan mai, kafin a kama ɗaki a titin Pike. A 1955 aka ɗauki ma'aikaci na farko mai cikakken lokaci, Jim Whittaker, wanda a ranar 1 ga Mayu 1963 ya zama Ba'amurke na farko da ya kai ƙololuwar dutsen Everest. Wannan hawa ya ɗaukaka sunan ƙungiyar ƙwarai, kuma shi ne ya gaji Lloyd a shugabanci a 1971. Sai a 1975 aka buɗe shago na farko a wajen Seattle, a Berkeley ta jihar California. Mary Anderson ta rasu a 2017 tana da shekara 107.

Tsarin mayar da rara bai faro daga su ba. Asalinsa masaƙan garin Rochdale ne a arewacin Ingila, waɗanda suka buɗe shagon gama kai a 1844. Dokarsu ita ce a sayar da kaya a farashin kasuwa, idan shekara ta ƙare a fitar da kuɗin gudanarwa, abin da ya rage a raba wa membobi gwargwadon sayayyar kowa, ba gwargwadon jarinsa ba, kuma kowane memba ƙuri'a ɗaya gare shi. A kan wannan turba REI ta tafi, shi ya sa kason yake zuwa bayan an rufe lissafin shekara maimakon a cire shi a wurin biya, kuma shi ya sa hukumar daraktoci ce ke da ikon amincewa da shi kowace shekara. Kamfanin bai taɓa ɗaukar kashi goman a matsayin bashi a kansa ba.

Kuɗin rajista ya tashi a hankali: daga dala ɗaya ya kai 15, ya daɗe a 20, sannan ya koma 30. Tare da ƙarin na 2022 aka daina kiran kason da sunan rabon riba, aka koma kiransa tukuicin memba. Sauyin ya zo bayan asarar da kamfanin ya tafka a 2020, lokacin da annobar korona ta rufe shaguna. Wasu tsofaffin membobi suna ganin sabon sunan ya nisanta abin daga asalinsa na haƙƙin mai mallaka, ya kusantar da shi ga ladan da kowane babban kanti ke bai wa mai yawan saye.

Yadda ake lissafin kason

Ana tara sayayyar memba daga Janairu zuwa Disamba, a fitar da kason a watan Maris na shekara mai zuwa, a matsayin kuɗin da ake kashewa a shagunan REI ko a shafinta na intanet. Yana da wa'adi: wanda aka bayar a Maris yakan ƙare a farkon Janairu, bayan kusan shekara biyu.

Abin da ba ya shiga lissafi yana da yawa, kuma nan ne masu saye suka fi yin kuskure. Duk kayan da aka yi wa ragi ba ya kawo komai, ko ragin na gwanjon shekara ne, ko na kayan da suka kwana, ko na takardar rangwame. Haka kayan hannu, da katin kyauta, da kuɗin aikin makanike, da haraji, da kuɗin aike, da ita kanta rajistar. Idan memba ya biya wani ɓangare na kaya da kason bara, wannan ɓangaren ba ya haifar da sabon kaso. Kayan da aka mayar kuma ana cire su daga jimillar. Sai an ba da lambar memba lokacin biya cinikin ke hawa kan sunansa kai tsaye.

Daga nan lissafin ya fito fili. Mutum yana mayar da dala 30 ɗinsa idan ya sayi kayan dala 300 a cikakken farashi, ko a rana ɗaya ko a cikin shekaru. Wanda ya sayi keken dala 1,200 zai sami dala 120 a Maris. Idan kuwa keken nan ya faɗa cikin gwanjo aka rage masa kashi 20 cikin ɗari, zai biya dala 960, ya tsira da 240 nan take, ba tare da kaso ba. Don haka ragin da ya kai kashi goma ko ya wuce ya fi kason amfani, domin kuɗi ne a aljihu yau, shi kuwa kason sai an jira, kuma a shago ɗaya ake kashe shi. Tsawon jiran ya danganta da watan saye: mai saye a Disamba wata uku zai jira, mai saye a Janairu wata goma sha huɗu.

Akwai kuma katin banki na Mastercard mai sunan kamfanin, wanda bankin Capital One ke bayarwa tun 2022. Yana ƙara kashi 5 cikin ɗari a kan sayayyar REI, har da ta kayan ragi.

Kekuna da kayan gyara

REI ta fara sayar da kekuna masu tambarinta da sunan Novara a farkon shekarun 1980. A 2017 aka ajiye wannan suna aka maye gurbinsa da Co-op Cycles, aka kasa kekunan da haruffa uku-uku: CTY na zirga-zirgar gari, ADV na doguwar tafiya da hanyar burji, DRT na hawan tsauni, REV na yara. Daga baya masu batir suka shigo. Shagunan suna kuma sayar da kekunan wasu kamfanoni irin su Cannondale da Salsa da Electra. Manyan kamfanoni da yawa suna da nasu dillalan dabam, saboda haka mai neman wani keke takamaimai ba lallai ya same shi a nan ba, kuma rajista ba ta da abin da za ta yi masa a kan wannan.

Takardar rangwamen kashi 20 cikin ɗari da ake bai wa membobi wasu lokuta a shekara, musamman a gwanjon watan Mayu, kaya ɗaya mai cikakken farashi take ci. Galibi kekuna da na'urorin nuna hanya suna cikin abin da ake cirewa daga gare ta, sai an karanta sharuɗɗan kowace takarda. Inda take da amfani shi ne kaya masu tsada da ke biye da keke: maɗaurin keke na bayan mota, hular kwano, takalmin feda, jakunkunan gefe. Dabarar da masu saye da yawa ke bi ita ce su sayi keken a cikakken farashi don kason, su kashe takardar a kan maɗauri ko hula, sannan idan Maris ya zo su zuba kason a kayan da ke cinyewa.

Kayan da ke cinyewa su ne ainihin kuɗin riƙe keke. Kaca tana miƙewa yayin da ƙusoshinta ke goguwa; a keke mai giya 11 ko 12 a baya ana canza ta idan ma'auni ya nuna miƙewar 0.5 cikin ɗari, a mai giya ƙasa da haka ana iya kaiwa 0.75. Idan aka bar ta ta wuce nan sai ta cinye haƙoran giyar baya, sabuwar kaca ta riƙa tsallake su a ƙarƙashin nauyi, dole a canza duka biyun. Robar birki, da tayoyi, da tub, da ruwan toshe huda na tayar da ba ta da tub, duk suna da nasu lokacin. Hular kwano kuwa da zarar ta bugu da ƙasa a haɗari an gama da ita, ko da ba a ga tsagewa ba, domin soson cikinta sau ɗaya yake shanye bugu.

A ɓangaren gyara, memba yana samun ragin kashi 20 cikin ɗari a kuɗin aiki, kuma ana yi masa gyaran tayar da ta sace kyauta, sai dai ya biya kuɗin tub. Keken da aka saya a shagon ana yi masa ƙananan saituna kyauta a shekarar farko. Wannan yana da muhimmanci fiye da yadda sabon mai keke yake zato. A makonnin farko wayoyin giya da na birki suna zama a cikin bututunsu su yi sako-sako, giya ta fara jinkirin shiga ko ta riƙa ƙara, wayoyin wili su saki har rim ya ɗan karkace. Gyaran na mintoci ne ga makanike, amma idan aka yi sakaci da shi yana lalata kaca da giya da wuri. Ga mai hawa kullum da ke kusa da shago, wannan ɓangaren yana iya fin kason shekara daraja, domin kason keke sau ɗaya ake cinsa, gyara kuwa ba ya ƙarewa. Ga wanda ke nesa, ko wanda ke gyara da hannunsa, kusan babu abin da ya ƙara masa. Duk shagunan kamfanin a cikin Amurka suke. Guda ɗaya da aka buɗe a Japan a 2000 an rufe shi a shekara mai bi.

Mayar da kaya

Shekaru da dama REI tana karɓar kayan da aka mayar ba tare da iyakar lokaci ba. A 2013 ta taƙaita shi zuwa shekara ɗaya, bisa dalilin cewa wasu suna cin zarafin tsarin. Daga 2022 aka bambanta: memba shekara ɗaya, wanda ba memba ba kwana 90, ƙananan na'urorin lantarki kwana 90 ga kowa. Tsufan da amfani ke kawowa da ɓarnar haɗari ba sa ciki.

Ga masu keke wannan wa'adi ya fi tasiri a kan sirdi da takalmi da wandon hawa, kayan da ba a sanin ko sun dace da jiki sai an yi tafiya mai nisa da su. Abin da aka mayar ana sake sayar da shi da rahusa a sashen kayan hannu, wanda a da ake kira Garage Sale, yanzu kuma Re/Supply, kuma membobi kaɗai ke saye a cikinsa. Kayan wannan sashe ba a mayar da su a shago, don haka ake duba su da kyau kafin biya.

Ƙuri'a da saɓani

Memba da ya yi sayayyar aƙalla dala goma a shekara yana da ƙuri'a a zaɓen hukumar daraktoci. Kaɗan ne daga cikin membobin, da kamfanin ya ce sun haura miliyan 20, suke kaɗawa, kuma hukumar ce ke tantance waɗanda za su fito takara.

A Maris 2018 REI ta dakatar da odar kaya daga kamfanin Vista Outdoor, mai tamburan hular kwano na Giro da Bell da na jakar ruwa na CamelBak a lokacin, saboda alaƙarsa da ƙera bindigogi. Ta dawo da su a 2019 bayan ya sayar da reshensa mai ƙera bindigogi, Savage Arms. Ma'aikatan shagon REI na unguwar SoHo a New York suka zama na farko da suka shiga ƙungiyar ƙwadago a Maris 2022, wasu shaguna suka biyo baya, kuma ɓangarorin biyu sun daɗe suna zargin juna kan jinkirin yarjejeniya. Kamfanin ya yi asara a 2022 da 2023 da 2024. A zaɓen 2025 membobi suka ƙi amincewa da 'yan takara ukun da hukumar ta gabatar.

Takwararta ta Kanada

Mountain Equipment Co-op, wadda aka kafa a Vancouver a 1971 bisa koyi da REI, ta kasance tana karɓar dala biyar ta Kanada a matsayin hannun jarin memba. A Satumba 2020, bayan bashi ya yi mata yawa, hukumarta ta sayar da kadarorinta ga kamfanin zuba jari na Kingswood Capital Management ta hanyar kotu, ba tare da ƙuri'ar membobi ba.