Waiwaye: yadda haske ya zama shinge tsakanin hannu da bakin inji

Wanda ya saba zirga-zirga a Suame Magazine, cibiyar makanikai da maƙera, ko unguwar masana'antu ta Kaase a Kumasi ta ƙasar Ghana ya san gaisuwar da hannu ke ba da labari kafin baki: ka miƙa wa dattijo hannu, ka ji yatsa ɗaya ko biyu babu. In ka tambaya, amsar gajeriya ce, "Inji ne ya ci." Yaranmu na Aboabo da Asawase da ke koyon aiki a gaban injin yankan kwano da na lanƙwasa ƙarfe sun taso suna jin wannan magana kamar hukuncin da ba shi da ɗaukaka ƙara. Alhali kuwa an fi shekara 70 da ƙera na'urar da aka yi domin hannu ya riƙa fita lafiya, wato labulen haske.

Tun a 1844 dokar masana'antu ta Ingila ta wajabta a killace sassan inji masu haɗari, saboda yadda masaƙu ke cin gashi da tufafi da gaɓoɓin ma'aikata. Shingen ƙarfe ya yi maganin bel da ƙafafun da ke juyawa. Inda ya gaza shi ne bakin injin matsa ƙarfe, domin nan ne dole ma'aikaci ya sa hannu ya ajiye, ya sake sa hannu ya ɗauke, sau ɗaruruwa a yini. Aka yi ta dabaru. Akwai igiyar da ake ɗaura wa mutum a wuyan hannu, tana fizge shi baya idan gudumar injin za ta sauko, kamar akuya a turke. Akwai maɓallai biyu da sai an danna su tare injin zai motsa. Wannan ta biyun tana nan har yau, sai dai ba ta kare abokin aikin da ke tsaye a gefe.

Wani Bajamushe, Erwin Sick, wanda ya kafa kamfaninsa a 1946 kusa da Munich, shi ya kawo canjin. A 1952 ya nuna labulen haske na kariya a baje kolin injuna na Hanover. Yadda ake yinsa a yau, sanduna biyu ne suna fuskantar juna: ɗaya tana harba jerin zaren haske da ido ba ya gani, ɗaya tana karɓa. Da zarar wani abu ya tare zare ɗaya, sai saƙo ya tafi injin ya tsaya. Ƙofa a buɗe take ga aiki, a rufe ga haɗari. Daga baya ƙa'idar duniya mai lamba IEC 61496 ta rarraba su aji-aji. Aji na 4 shi ne mai binciken kansa ba tsayawa, mai layin saƙo biyu, ta yadda in ɗaya ya lalace injin zai tsaya maimakon ya ci gaba a makance. Wanda aka yi don yatsa yana gane abu mai kaurin milimita 14, na tafin hannu kuma milimita 30.

To, a nan ne gizo ke saƙar. Haske ba ya tare hannu. Birkin inji ne ke tsayar da guduma, labulen ɗan aike ne kawai. Shi ya sa ƙa'idar ISO 13855 ta ɗauka cewa hannun mutum na tafiyar mita 2 a daƙiƙa ɗaya idan yana kusa, ta ce a ninka wannan da lokacin da inji ke ɗauka kafin ya tsaya cak. Injin da ke tsayawa cikin kashi ɗaya bisa biyar na daƙiƙa, labulen yatsa ba zai matso kusa da bakinsa fiye da santimita 40 ba. In labulen na milimita 30 ne, sai a ƙara kusan santimita 13, tunda yatsu kan wuce kafin ya farga. Birki kuma yana cinyewa. Nisan da ya isa bara, bana zai iya gazawa, labulen na nan da koriyar fitilarsa yana nuna lafiya lau. Ba a gane wannan da ido, sai an auna lokacin tsayawar da na'ura.

Wannan batu ya fi shafar mu fiye da Turawa, don da yawa daga injunan ƙananan masana'antunmu tsofaffi ne da aka sauke a tashar Tema bayan sun gama aiki a wata ƙasa. Cikinsu akwai masu kulocin da in ya kama, sai guduma ta gama zagaye ɗaya cur kafin ta tsaya. Irin waɗannan, dokar Amurka ta hana a dogara da labulen haske a kansu ɗungurungum. Wanda ya ɗaura masa labule ya yi ado ne, kuma ni a ganina gara babu, domin yaron da ya ga fitila zai saki jiki.

Doka ba ta yi shiru ba. Dokar masana'antu, ofisoshi da shaguna ta 1970, wato Act 328, ta wajabta killace sassan inji masu haɗari, kuma akwai sashen sufetocin masana'antu da ke da alhakin bibiya. Dokar ƙwadago ta 2003, Act 651, ta ɗora wa mai aiki nauyin tsare lafiyar ma'aikacinsa. Amma ta 1970 an rubuta ta ne da tunanin shingen ƙarfe, kuma rumfar da maigida ke aiki da yara uku ba kasafai take ganin sufeto ba.

Ko inda aka sa labulen daidai, ƙasarmu na da nata jarrabawar. Ƙurar hunturu da garin katako irin na Sokoban, unguwar masu katako, suna rufe gilashin sandunan, injin ya riƙa tsayawa ba dalili. Ana cikin gaggawar oda, sai ka ji an ce, "Masta, abin nan yana ɓata mana lokaci," a kira mai gyaran wuta ya haɗe wayoyin. Maganin kuwa tsumma ne mai laushi da saita sandunan. Kwano mai sheƙi da aka jingine kusa yana iya karkatar da hasken ya zagaye hannu ya isa ɗaya sandar. Sai matsalar ɗauke wuta: injin da aka haɗa da kyau ba ya tashi da kansa idan wuta ta dawo, sai an danna maɓallin sake kunnawa, wanda ake kafawa a wajen shingen, inda mai dannawa ke ganin bakin injin baki ɗaya.

Labulen kan zo da sandar gwaji mai kaurin abin da yake iya ganewa. Kafin a fara aiki, ana bi da ita a hankali daga sama zuwa ƙasa, kusa da sandar labulen ta farko, a tsakiya, da kusa da ta biyu, jar fitila kuma kada ta sauya ko sau ɗaya. In ka shiga masana'anta aka nuna maka labule, tambayi yaron da ke kan injin inda sandar gwajin take.