Ƙarin alƙalai kaɗai ba ya maganin jinkirin shari'a

An daɗe ana cewa shari'un da ba na laifi ba, irin na bashi, fili da kwangila, suna jan ƙafa ne saboda alƙalai sun yi kaɗan, wai a ƙaro su magana ta ƙare. Ƙarancin alƙalai na da nasa laifin, amma ba nan gizo ke saƙar ba.

Lokaci mai yawa tun kafin a fara sauraron shaidu yake salwanta. Yau sammaci bai kai ga wanda ake ƙara ba, gobe lauya ya nemi a ɗage zama, jibi wani ya ɗaukaka ƙara kan ƙaramin umarnin kotu, ainihin rigimar na zaune tana jira. Wanda ya san ba shi da gaskiya kuwa, jinkirin riba ne gare shi. Muddin ragamar na hannun lauyoyi, sabon alƙali ma ɗage zaman zai yi ta yi.

Ingila da Wales sun yi fama da wannan matsala. Bayan rahoton da wani babban alƙali, Lord Woolf, ya fitar a 1996 kan gyara tsarin irin waɗannan shari'u, sababbin ƙa'idoji suka fara aiki a Afrilun 1999: alƙali ya karɓi ikon tsara jadawalin shari'a, aka kasa ƙararraki gida uku bisa yawan kuɗi da sarƙaƙiya, aka kuma sa ɓangarori musayar bayanai da neman sulhu tun kafin shigar da ƙara. Kuɗin lauyoyi dai bai sauka yadda aka so ba, sai da aka sake wani gyaran a 2013.